Wasiƙu Tara, Hannu Ɗaya

Lahadi, 5 ga Oktoba, ƙarfe 4:10 na yamma

Yau ƙosai bai ji gishiri ba. Tun kafin a haife ni Baba Asabe take dafa abinci a gidan nan, kuma ban taɓa cin ƙosanta haka ba. Babu wanda ya yi ƙorafi. Abba ya ci uku, ya ce wa Mami dama likita ya ce a rage.

Ni na san dalili, domin ina kicin lokacin da abin ya faru. Duk Lahadi da ƙarfe shida da rabi Baba Asabe tana kunna ƙaramin rediyonta da ke kan taga, ta saurari Sujadar Safiyar Lahadi, shirin Kiristoci da Fasto Musa yake gabatarwa a gidan rediyon su Abba. Ta ce tun tana amarya a ƙauyensu wajen Rogo ake yin sa, shekara talatin da huɗu ke nan. Waƙa, karatu, addu'a, minti talatin. Da an gama sai ta kwashe ƙosai, ta shirya, ta hau adaidaita zuwa cocinsu. Sai bayan azahar take dawowa.

Yau ta kunna, sai wani saurayi ya ce, "Barkanmu da safiya, a ɗaga ƙafar dama." Ta girgiza rediyon. Ta cire batir ta mayar. Saurayin yana nan yana ƙirga ɗaya, biyu.

Ta ce, "Afira, duba min, ko wani ya taɓa min tasha." Haka take kirana, Afrah ba ya fita a bakinta. Na duba. Tashar ce.

Abba shi ne shugaban sashen shirye-shirye. Da ta kawo shayi ya ce, "Asabe, kin ji albishir? Mun ɗaga darajar shirinku. Mun cire shi daga sassafe, mun kai shi ƙarfe goma, lokacin da kowa ya tashi ya karya. Kamfanoni rububin wannan lokacin suke yi, na hana su."

Ta ce, "An gode, Alhaji." Ta ɗauke kwanon ƙosan tun bai gama ba.

Ƙarfe goma na Lahadi Baba Asabe tana coci. Duk wanda zai saurari shirin yana coci. Na ji kamar in ɗaga hannu irin na aji, amma ko a ajin ban cika ɗagawa ba.

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe 5:30 na yamma

Gishiri ya dawo. Har na jiya ya biyo shi.

Talata, 7 ga Oktoba, bayan magariba

Hajiya Uwa ta shiga maganar. Ita ce mahaifiyar Abba, kuma da yake shi ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Bango take fuskanta ta yi magana, shi kuma ya ji.

Ta ce wa bangon, "A gaya wa mai rediyo, ranar Lahadi na sha maganin hawan jini a makare. Sauran ranaku hon ɗin motar makarantar yarinyar nan ne agogona. Lahadi kuwa waƙar matan nan masu buga tulu."

Abba ya ce, "Hajiya, ke ma sauraron shirin kike yi?"

"A gaya masa ba sauraro nake ba. Ji nake. Kicin ɗin a jikin ɗakina yake."

Mami ta ce, "To ranar Asabar fa, Hajiya?"

"Asabar Allah ke tashina."

Abba ya ce mutane ba su da godiya. Wai tun jiya ake bugo waya ofis ana cewa "muna coci, muna coci," shi kuma ya ce a gaya musu ai an sani, shi ya sa aka yi musu shirin. Ya ce Manajan tashar ya yanke cewa hayaniyar waya ba hujja ba ce. Wanda yake da ƙorafi ya rubuto wasiƙa da sunansa da sa hannu, kwamiti zai duba a ƙarshen wata.

Baba Asabe tana kwashe kwanuka a lokacin. Ban taɓa ganin an ɗauki minti goma ana kwashe kwano huɗu ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, ƙarfe 4:45 na yamma

Mami takan gyara min ɗaki wani lokaci, saboda haka zan yi taka-tsantsan a nan.

Akwai wata yarinya da na sani. Wata dattijuwa ta roƙe ta ta rubuta mata wasiƙa, domin dattijuwar tana iya bin littafin waƙoƙinsu da ido amma ba ta iya rubutu. Yarinyar ta ce wasiƙar ai ofishin wani na kusa da ita za ta je. Dattijuwar ta ce, "Ba sunanki za ki sa ba, nawa ne. Nawan ma bai san shi ba." Ashe sunanta na baftisma Saratu Iliya. Yarinyar ma ba ta taɓa sani ba.

Yarinyar tana da rauni a kan rubuta wasiƙa. Ta ci goma sha tara cikin ashirin a wajen Malam Jamilu, malamin Hausa, wanda ya koya musu cewa wasiƙa tana da gaɓoɓi biyar: adireshi, kwanan wata, gaisuwa, gundarin saƙo, rufewa. Ya ce wanda ya taƙaita gaisuwa ya rasa maki huɗu. Ta rubuta abin da dattijuwar ta faɗa a bayan littafin lissafi, sannan ta shiga ɗaki ta juye shi a takarda mai kyau, da cikakkiyar gaisuwa yadda aka koya mata.

Ta ce, "In karanta miki?" Amma a ranta tana addu'ar a ce a'a, domin idan za ta yi karatu a bayyane muryarta maƙalewa take yi.

Dattijuwar ta ce, "Ke ce mai boko. Kawo in dangwala."

Asabar, 11 ga Oktoba, ƙarfe 5:00 na yamma

Sun zo su takwas.

Abba ya tafi ɗaurin aure Hotoro, Mami tana unguwa. Suka shigo ta ƙofar baya suka zauna a gindin mangwaro kusa da ɗakin Baba Asabe. Matan zumuntar cocinsu ne. Babbarsu Mama Rifkatu, wadda ta yi shekara talatin tana shara a asibiti, kuma tana magana kamar har yanzu tana kiran mai jinya daga ƙarshen baranda.

Ta ce, "Wannan ce marubuciyar? Ai ba ta kai tsawon tsintsiyata ba. Rubuta. Ni Rifkatu, na ce wanda ya canja lokacin nan ba shi da hankali."

Baba Asabe ta ce, "Rifkatu, ubanta ne."

Mama Rifkatu ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"To ki ce Allah ya ƙara masa hankali a kan wanda yake da shi."

Wata ta ce a rubuta cewa mijinta ya shekara shida a kwance, kuma da shirin take fara yi masa sujada kafin ta bar shi ta tafi coci. Wata ta ce ita ta gwada ɗaga ƙafar daman, yanzu ƙugunta ne ke ciwo, a sa wannan ma.

Yarinyar da na sani ta yi amfani da biro uku. Wasu wasiƙun ta kwantar da rubutun hagu, wasu dama. Babu wadda ta ce a karanta mata. Mama Rifkatu ta ba ta gyaɗa a ƙulle a leda ta ce, "Allah ya ba ki miji mai sauraron magana."

Lahadi, 12 ga Oktoba, ƙarfe 3:20 na yamma

Da ƙarfe goma na ari wayar Mami na naɗar wa Baba Asabe shirin. Fasto Musa ya buɗe da cewa, "Masu sauraro, idan akwai, ina gaishe ku. An naɗi wannan shiri tun ranar Alhamis, domin ni ma yanzu haka ina coci."

Da ta dawo na kunna mata. Ta saurara minti biyar tana tsince shinkafa, sannan ta ce in kashe. Ta ce, "Na gode, 'yar gidana. Amma kunun safe ne aka kawo min da la'asar. Kuma sauran matan wa zai naɗar musu?"

Laraba, 15 ga Oktoba, bayan isha'i

Abba ya zo da wasiƙun gida.

Muna cin tuwo ya buɗe jaka ya ce, "Ku saurari wani abin mamaki." Na gane ambulan ɗin tun daga nesa. Ya gyara tabarau.

"Zuwa ga Shugaban Shirye-shirye. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ni Saratu Iliya, mamba a zumuntar mata ta cocinmu..."

Ya tsaya ya dube mu ta saman tabarau. Mami ta ajiye cokali.

"...shekara talatin da huɗu ina sauraron labarin Annabi Isa, Alaihis Salam, a wannan tasha mai albarka."

Ya ɗauki ta biyu. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ni Rifkatu. Ta uku, haka. Duka taran, haka. Kowacce kuma ta rufe da wassalam. Mami ta yi dariya har ta sarƙe da ruwa.

Baba Asabe tana tsaye da jug ɗin ruwa a hannu. Abba ya ce, "Asabe, haka kuke gaisuwa a coci?"

"A'a, Alhaji."

"Kin san wata Saratu Iliya?"

"Sunan ba baƙo ba ne."

Ina so in rubuta a nan, saboda adalci ga yarinyar, cewa ba da gangan ta yi ba. Gaisuwar nan ita ce a allon Malam Jamilu, ita ce a jarrabawa, ita ce a duk wasiƙar da ta taɓa gani. Hannunta ne ya rubuta kafin kanta ya iso. Dattijuwar kuma ta ce Yesu ne, gaskiya ne, amma yarinyar ba ta taɓa rubuta sunan Annabi haka kawai ba tare da addu'a a bayansa ba. Ta ɗauka gyara ta yi.

Alhamis, 16 ga Oktoba, ƙarfe 2:40 na rana

Ban karya ba. Na ce ciwon kai.

Juma'a, 17 ga Oktoba, ƙarfe 5:15 na yamma

Abba ya ce ofis ya rabu biyu. Rabi sun ce Musulmi ne suke sauraron shirin a ɓoye suna aron sunaye, har wani ya ce a yi bincike. Rabi sun ce Fasto Musa ne ya je bakin kotu ya ɗauko mai rubuta wa mutane takarda, ya ƙirƙiro masu ƙorafi. Manaja yana tare da rabi na biyu. Ya ce biro uku ne amma hannu ɗaya ne. Ya ce idan ba a kawo marubucin ba kafin zaman kwamiti ranar talatin ga wata, za a ɗauka Fasto ne, kuma ba batun mayar da lokaci ba, shirin za a cire gaba ɗaya.

Gaba ɗaya.

Abba ya ce, "Ko wane ne dai, ya yi makaranta. Duba, duk ƙ da ɗ da ɓ ya sa musu lanƙwasa. Ko ma'aikatana na ɗakin labarai ba sa yin haka."

Kunya ta hana ni rubuta yadda na ji da wannan maganar.

Asabar, 18 ga Oktoba, ƙarfe 11:30 na safe

Kwana biyu ina zagaye kicin. Yau Baba Asabe ta kama ni a bakin famfo.

"Afira, zo. Ashe Musuluntar da mu kika yi, mu tara, ba mu sani ba?"

Na fara kuka, ita kuma ta fara dariya har sai da ta zauna a kan buhun shinkafa. Ta ce Mama Rifkatu ta ce tunda abin ya zo haka, a sa ta a jerin masu zuwa Makka.

Da ta gama ta share ido ta ce, "Ni na sa ki. Babu wadda za ta faɗi sunanki, mun yi alkawari. Ki bar mu da shi."

Na ce, "Za a cire shirin, Baba."

Ta tashi ta ci gaba da yanka albasa. Ta ce, "Albasar nan tana da ƙarfi."

Na daina cewa wata yarinya. Idan Mami ta karanta, ta karanta.

Litinin, 20 ga Oktoba, bayan magariba

Na je falon Abba. Na durƙusa. Na ce, "Abba."

"Na'am, Afrah."

Na ce, "Ko a kawo maka ruwa?"

Talata, 21 ga Oktoba, bayan magariba

Ruwa sau biyu. Ya ce Allah ya yi min albarka.

Laraba, 22 ga Oktoba, ƙarfe 4:30 na yamma

Mama Rifkatu ta je gidan rediyon da ƙafarta. Abba ya ce tun daga bakin ƙofa aka ji ta a ɗakin watsa labarai. Ta ce ita ce Rifkatu, ga ta da ranta, ga yatsan da ya dangwala. Manaja ya ce to wa ya rubuta? Ta ce wata baiwar Allah. Ya ce wace? Ta ce bayin Allah suna da yawa. Manaja ya ce wannan ya ƙara tabbatar masa an shirya musu baki.

Yau na kai ruwa sau uku. Abba ya tambayi Mami ko ta ga alamar rama a jikinsa.

Alhamis, 23 ga Oktoba, ƙarfe 5:40 na yamma

Hajiya ta kira ni in matsa mata ƙafa. Ni tana yi min magana kai tsaye, har fiye da yadda nake so.

Ta ce, "Malama, biro uku a kwandon shara, shuɗi da baƙi da wani shuɗin, duk da sauran tawada. Kuɗin ubanki ne ya yi yawa?"

Na ci gaba da matsa ƙafar.

"Ni ban ga komai ba. Tagata ce take kallon mangwaro."

Na ce, "Hajiya, ba zan iya ba. Da na buɗe baki sai ruwa ya fito."

Ta ce, "Na lura. Kin kusa kashe min ɗa da fitsari." Sannan ta janye ƙafarta ta dube ni. "Tsohon nan ana ce masa maƙaryaci a wurin aikinsa, da furfurarsa. Ke kin san bai yi ba. Ni iyakar abin da zan ce ke nan. Matsa ɗayar."

Juma'a, 24 ga Oktoba, ƙarfe 3:00 na rana

Saura kwana shida. Na yi gwaji a gaban madubi. Madubin ma ruwa na yi masa tayi.

Asabar, 25 ga Oktoba, ƙarfe 6:00 na yamma

Zan rubuta a jere.

Da la'asar Fasto Musa ya zo wajen Abba. Ban taɓa ganinsa ba sai muryarsa. Ƙaramin tsoho ne, da sanda da hula, takalmansa a goge. Mami ta ce in kai musu lemo. Na shiga na same shi yana cewa, "Alhaji, ni ban san marubucin ba. Na tambayi matan, sun ƙi. Idan za a cire shirin, a cire. Amma ina roƙon kada a rubuta a takarda cewa na yi ƙarya. Jikokina suna karatu."

Abba ya ce, "Fasto, ni ban ce ka yi ba. Amma me zan kai wa kwamiti?"

Na ajiye tiren. Na miƙe zan fita, na kai bakin ƙofa, na kasa fita, na kasa juyowa. Gabana bango ne, da kalandar da ke jikinsa.

Sai na ce wa bangon, "A gaya wa Abba, ni na rubuta."

Ina jin fanka. Na ɗauka bai ji ba, har na fara tunanin maimaitawa, sai na ji ya yi gyaran murya.

Ya ce, "A tambayi mai maganar, duka taran?"

"A ce masa duka."

"A tambaye ta, wa ya sa ta?"

Kafin in nemo amsa Baba Asabe ta ɗaga labule. Ashe tana bayansa, da ludayi a hannu. Ta durƙusa ta ce, "Ni ce, Alhaji. Ni ce Saratu Iliya."

Abba ya ce, "Shekara goma sha tara kina gidan nan."

"Ba ka tambaya ba, Alhaji."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Fasto Musa yana kallon lemonsa kamar akwai rubutu a ciki.

Abba ya ce, "To ni ku fahimtar da ni. Me ya hana ku je cocin ku dawo kafin goma? Ko ku ji shirin sannan ku tafi?"

Baba Asabe ta ce, "Takwas muke shiga."

"To ai kafin tara an sallame."

"Awa huɗu ne, Alhaji. Idan mai wa'azi ya ji daɗi, biyar."

Abba ya dubi Fasto. Fasto ya ce, "Wani lokaci mukan ji daɗi."

Abba ya ce, "Ni na ɗauka kamar Juma'a ne. Huɗuba, raka'a biyu, kowa ya nemi takalminsa."

Fasto ya ce ya faɗa wa Manaja tun farko, Manaja ya nuna masa takardar alƙaluma cewa ƙarfe goma mutane suka fi kunna rediyo. Baba Asabe ta ce ai duk yana cikin wasiƙun. Abba ya ɗauko jaka ya zaro ɗaya ya karanta a ransa, wannan karon har ƙasa. Ya daɗe. Ya ce a ofis babu wanda ya wuce gaisuwar.

Bai yi min faɗa ba. Ya ce kawai, "Afrah, juyo. Ranar Alhamis za ki bi ni."

Da ma faɗan ya yi.

Lahadi, 26 ga Oktoba, ƙarfe 1:00 na rana

Mami ta ce ta daɗe da sani, wai ta gane irin yadda nake rufe harafin g. Ban yarda ba. Da ta sani da ba ta sarƙe ba.

Talata, 28 ga Oktoba, ƙarfe 5:10 na yamma

Ina gwajin karatu a gaban Hajiya. Ta ce ba ta ji. Na ƙara murya. Ta ce yanzu tana ji amma ba ta sauraro.

Abba ba ya magana sosai a tebur. Na ji yana gaya wa Mami cewa zai shiga gaban abokan aikinsa ya ce ƙorafin da aka yi a kansa a bayan gidansa aka rubuta shi, da biron da ya saya.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan magariba

Abba ya ɗauke ni daga makaranta da kayan makaranta a jikina. Ɗakin taron yana da dogon tebur da sanyi. Mutum shida na kwamiti a gefe ɗaya, Fasto Musa da Baba Asabe da Mama Rifkatu a ɗaya gefen. Baba Asabe ta sa zanen zumuntarsu. Ban taɓa ganinta zaune a kujera mai hannu ba.

Abba ya miƙe ya ce, "Ga marubucin. 'Yata ce." Wani ya yi tari.

Manaja ya ce in karanta. Na ce a tsallake gaisuwa? Ya ce a'a, gaisuwar ce ta tara mu.

Na karanta. Ta farko ko ni ban ji kaina ba. Mama Rifkatu ta ce, "Ɗaga murya, 'yar nan, ba gawa ake wa wanka ba." Ta biyu tata ce. Da na zo wurin Allah ya ƙara masa hankali a kan wanda yake da shi, na tsaya. Abba ya ce, "Ci gaba." Na karanta. Ya ce, "Amin." Ta huɗu ita ce ta matar da mijinta yake kwance. A nan babu wanda ya yi tari. Zuwa ta bakwai na lura muryata tana fita kamar ta mutane.

Manaja ya juya wajen matan ya ce, "To ku, kun yarda da wannan gaisuwa da aka sa muku? Domin a ƙa'ida, idan ba abin da kuka faɗa ba ne, wasiƙar ba taku ba ce."

Mama Rifkatu ta buɗe baki, Baba Asabe ta dafa mata gwiwa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, saƙon namu ne, babu abin da ta rage. Gaisuwa kuma yarinya ta gaishe ku da wadda take da ita. Mu ba mu ga laifi ba."

Suka ce mu jira a waje. Minti ashirin. Mama Rifkatu ta raba gyaɗa har da mai gadi. Sannan Abba ya leƙo ya ce, "Shida da rabi, daga wannan Lahadin." Fasto Musa ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Shirin motsa jiki ne zai koma ƙarfe goma. Mama Rifkatu ta ce ya yi daidai, masu ƙafar ɗagawa su ɗaga.

Muka taho a mota har muka shigo layinmu. Sai Abba ya ce, "Nan gaba idan kina da ƙorafi a kaina, ki zo ki faɗa min." Na ce to. Ya ce, "Ko bangon ne, ina ji."

Lahadi, 2 ga Nuwamba, ƙarfe 7:20 na safe

Na tashi na shiga kicin da wuri, wai in taya Baba Asabe. Shida da rabi daidai matan suka fara buga tulu. Baba Asabe ta rage wuta.

Wajen ƙarshe, lokacin da Fasto ya ce bari mu yi addu'a, Abba ya shigo da kofi a hannu, yana sauri zai fita. Ya ce, "Asabe, ko akwai ruwan za..."

Ba ta buɗe ido ba. Ta ɗaga masa yatsa ɗaya.

Abba ya dube ni. Na dubi ƙosai. Ya tsaya a nan bakin ƙofa, da hularsa da makullin motarsa da kofin da babu komai a ciki, har aka ce amin.